Me ya sa masu shaye-shaye ke dawowa bayan kame?

Ka tambaya me ya sa duk sanda kuka kai ƙorafi kan masu shaye-shaye a layinku, 'yan sanda sai su zo su yi kame, ba a jima ba kowa ya dawo wurinsa.

Malam, kame kaɗai ba ya gyara wuri. Galibi masu sha ake kwashewa, dillalin kuwa ya matsa layi na gaba. Abin da ke tara su shi ne duhu da kangon da aka yi watsi da shi, kuma wannan aikin ƙaramar hukuma ne. Don haka ku raba ƙorafin gida biyu. Ku rubuta wa kansila takarda da sa hannun maƙwabta, ku nemi fitilun titi da a rufe kangon, ku riƙe kwafi mai kwanan wata don ku riƙa bibiya. 'Yan sanda kuma ku sanar da su, a asirce, wuri da lokacin da ake sayarwa.

Don Allah kada matasanku su ɗauki doka a hannunsu. Da yawa cikin yaran nan magani suke buƙata, ku tambayi ma'aikatan lafiya inda ake kai mai son dainawa.