Tambayoyinku kan waya da kwamfuta: gayyatar taro ba hoton biki ba ce

Tambaya: Ni tela ne a Aboabo, Kumasi. An turo mini gayyatar taro ta imel, na gan ta a Gmail, amma babu ita a kalandar wayata. Ina ta shige?

Amsa: Ba ta shige ko'ina ba, Malam, kai ne ba ka amsa ba. Buɗe imel ɗin ka danna maɓallin amincewa. Google Calendar yana da saiti mai zaɓi 3 kan gayyata: ya sa ta kowa, ya sa ta wanda ka sani kawai, ko ya jira sai ka amsa. In ka amsa ba ta fito ba, duba ko asusun da ke kalandar shi ne wanda aka aika wa.

Tambaya: Ni ce sakatariyar ƙungiyarmu ta mata a Nima. An gayyace ni taron Google Meet, aka ce in zo da ma'ajiyarmu. Na ɗauki hoton gayyatar na tura mata ta WhatsApp. Ranar ta zauna tun ƙarfe 10 tana jira, ashe an mai da shi ƙarfe 2. Yanzu fushi take da ni. Laifin wa?

Amsa: Hajiya, kin ce laifin wa, to naki ne, amma ku da yawa ne a layin. Wannan ɗabi'ar ta ɗaukar hoton allon waya a kan komai ta ishe ni. Rasit ɗin MoMo, wato tura kuɗi ta waya, hoto, lambar asusu hoto, yanzu har gayyatar taro. Hoto ba ya motsi. Ba a danna linki a cikinsa, sai baiwar Allah ta zauna tana kwafo haruffa 10 na lambar Meet ɗaya bayan ɗaya, ta mai da wani harafin wani.

Gayyatar kalanda a ɗaure take da kalandar wanda ya shirya taron. In ya sauya lokaci ko ya soke, sauyin yana bin duk wanda sunansa ke jerin baƙi. Sunanki na ciki, shi ya sa taki ta koma ƙarfe 2 da kanta. Ma'ajiyarku ba ta ciki, hoton jiya kawai take riƙe da shi.

Yadda ake yi: buɗe taron a Google Calendar, nemi wurin ƙara baƙi, rubuta adireshin imel ɗinta, ki adana, in an tambaye ki ko a aika mata gayyata ki ce e. Ba dole sai tana da Gmail ba. In ba ki ga wurin ba, mai taron ne ya cire wa baƙi izinin gayyatar wasu. Izini 3 ne a can: gyara taro, gayyatar wasu, da ganin jerin baƙi. Sai ki tura masa imel ɗinta ya sa ta da hannunsa, aikin da bai kai minti ɗaya ba.

Na san abin da za ki ce: to in tura mata imel ɗin gayyatar gaba ɗaya mana. A'a. Gangara ƙasan imel ɗin, can inda ƙananan rubutun da ba wanda ke karantawa suke, za ki ga Google da kansa yana gargaɗi cewa wanda kika tura wa zai iya amsawa, ya gayyato wasu, har ya sauya amsarki. Wato ita ta danna ƙin zuwa, mai taro ya ga kamar ke ce kika ƙi. Haka ma fayil ɗin nan mai ƙarewa da .ics da ke liƙe da imel ɗin. In kin sauke shi kin jefa mata a WhatsApp, zai shiga kalandarta tsaf, amma kwafi ne, sauyi ba zai bi shi ba.

Tun da an taɓo WhatsApp, masu zuba linkin taro a zauren mutum 300 ku ma ku ji. Linkin Zoom galibi yana ɗauke da kalmar sirrin a jikinsa, duk wanda ya same shi ya sami makulli. Za ku zauna lissafin kuɗin adashi sai ga wani daga Madina da ba wanda ya san shi yana sauraro, rediyo na tashi a bayansa. Ku kunna ɗakin jira, mai taro ya riƙa duba suna kafin ya buɗe ƙofa. Ni dai shawarata kullum: suna a jerin baƙi tukuna, WhatsApp don tuni kawai.

Tambaya: Yayana a Landan yana sa mana taron iyali. A da lokacinmu ɗaya ne, yanzu kalandata tana nuna awa ɗaya kafin abin da ya faɗa a baki.

Amsa: Bi kalandar, ƙyale bakin yaya. Ghana na kan GMT duk shekara, Ingila kuwa tana tura agogo gaba da awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A tsakanin nan, ƙarfe 8 ɗinsa ƙarfe 7 ɗinka ne. Sai dai ka tabbata wayarka na kan lokacin Accra, don wayar da aka sa wa lokacin Legas da hannu tana gaba da mu da awa ɗaya.

Tambaya: A ofis na tura wa abokina gayyatar Outlook a ɓoye, sai ga maigidan yana tambayata dalili. Wa ya kai ƙarata?

Amsa: Outlook ne, ɗan'uwa, ka daina zargin mai share ofis. A tsarin ma'aikatu, da ka tura gayyata gaba sai ya aika wa mai taron sanarwa da sunan wanda ka tura wa. Gobe ka nemi izini tukuna.