Amsa ga Malamin da Ya Tambayi Burin da Zai Rubuta kan Amfani da Fasaha a Aji

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce an buƙaci kowannenku ya rubuta burinsa na shigar da fasaha cikin koyarwa a wannan zangon, kai kuma ka rubuta "zan riƙa amfani da majigi sau uku a mako", kana tambaya ko ya wadatar. Gaskiya bai wadatar ba, kuma ba don sau ukun ya yi kaɗan ba. Abin da ka rubuta lissafin kunna na'ura ne. Za ka iya cika shi cif-cif har ƙarshen zango, yaron da bai gane ba yana nan inda yake.

Gwamnatoci ma sun faɗa wannan ramin. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan kwamfutoci a shirin One Laptop per Child, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga makinsu ya ƙaru a lissafi ko harshe ba. Rahoton OECD, ƙungiyar ƙasashe kan haɗin gwiwar tattalin arziki da ci gaba, na 2015 shi ma ya nuna ƙasashen da suka zuba kuɗi mai yawa a kwamfutocin makaranta ba su ga wani ci gaban a-zo-a-gani ba a karatu, lissafi da kimiyya. An kawo kayan, yadda ake koyarwa bai canza ba.

Don haka ajiye maganar na'ura tukuna. Ɗauko manhajar karatun zangon, ka ware batutuwa uku da ɗalibai ke tuntuɓe a kansu kowace shekara, ka tambayi kanka me ke kayar da su. In abin ba ya ganuwa da ido ne, kamar tafiyar lantarki a cikin waya ko yadda zanen jadawali ke lanƙwasa in lamba ta canza, nan fasaha ke da aiki. In kuma yaron bai iya ninkawa ba tun daga ajin baya, majigi ba zai yi masa komai ba, sai ka zauna da shi.

Ɗauki darasin da'irar lantarki. Akwai PhET, kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya na Jami'ar Colorado, wanda Carl Wieman ya assasa a 2002. Kyauta ne, kuma ana iya sauke shi a yi aiki da shi ba intanet. Ka haɗa batir da ƙwayayen lantarki uku a jere a kan allo, amma kada ka taɓa komai tukuna. Ce kowa ya rubuta a littafinsa abin da yake zaton zai faru in an cire ƙwai ɗaya. Minti biyu. Sannan ka cire, duka su mutu. Sake haɗa su kowane da nasa reshen, su sake rubuta hasashe, ka cire ɗaya, sauran biyun su ci gaba da haske. Wanda ya rubuta kuskure da hannunsa shi zai fi riƙe amsar, don ya ga zatonsa ya rushe a gabansa. In ka tsallake rubuta hasashen nan, kallo kawai suka yi, kuma abin da za su tuna shi ne batirin da ya kama wuta a kan allo lokacin da wani ya haɗa bakinsa biyu da waya kai tsaye. A lissafi manhajar GeoGebra na yin irin wannan aikin: ɗalibi ya ja lamba, ya ga layi na miƙewa ko kwantawa.

Ka ga yanzu burin ya samu siffa. Misali: "Zuwa mako na 6, ɗalibai 30 cikin 40 za su iya bayyana bambancin da'irar jere da ta reshe a rubuce, ba tare da duba littafi ba." Da batu, da lokaci, da adadi. Na'urar tana zuwa a layi na biyu, a matsayin hanya.

Buri na biyu, wanda a ganina ya fi na farko riba, shi ne ka san wa ya gane kafin a buga ƙararrawa. "Kun gane?" ba ta taɓa ba malami amsar gaskiya ba. Tambayoyi uku zuwa biyar masu zaɓi a minti biyar na ƙarshe sun isa. In ɗalibai na da na'urori, Google Forms zai yi makin da kansa. In ba su da su, akwai Plickers: kowane ɗalibi na riƙe da katin takarda mai alama, gefensa huɗu na wakiltar A, B, C da D, ya juya amsarsa sama, kai kuma ka zagaya ajin da kyamarar wayarka ta karanta. Kada ka lulluɓe katunan da roba mai sheƙi, haske na hana kyamara karanta su. Sirrin yana wajen amsoshin kuskure. Kowanne ya zama irin kuskuren da yara ke yi da gaske, ta yadda in rabin aji suka zaɓi C ka san ainihin abin da ya rikita su, gobe ka fara daga nan. In ba za ka duba sakamakon ka sauya darasin gobe ba, kada ma ka wahalar da su.

Wataƙila a taron bita su kawo maka SAMR, tsanin amfani da fasaha a aji mai matakai huɗu na Ruben Puentedura, daga maye gurbin allo da na'ura har zuwa aikin da ba zai yiwu ba sai da ita. Yana da amfani wajen duba kai, amma kada ka ɗauka dole kowane darasi ya hau matakin ƙarshe. Wani darasin alli ne ya fi dacewa da shi.

Sai abubuwan da ke ɓata darasi, don yawanci ba manyan matsaloli ba ne. Darasin minti 40 ne, yara 30 na neman kalmar sirri, kafin ka ankara minti goma sun tafi. Zaɓi abin da ake shiga da lamba ɗaya da za ka rubuta a allo, ko ka buɗe na'urorin kafin su shigo. Wannan kuma ya rage yawan bayanan yara da kake miƙa wa kamfanoni. Lambar rajista ta wadatar, ba sai cikakken suna da hoto ba.

Bidiyo kada ka dogara da intanet a kansa. Mai matsakaicin kyau na cin kusan megabit 2.5 a daƙiƙa, na'ura 30 sun kai 75, layin ya tsuke. Sauke shi tun da daddare, ka nuna daga na'ura ɗaya. Kuma ka gajarta. Binciken da aka yi a 2014 kan bidiyoyin edX, dandalin karatu ta intanet, ya nuna hankalin masu kallo na raguwa sosai bayan kamar minti shida, manya ke nan. Yanka shi gida biyu ko uku, ka jefa tambaya a tsakani.

Majigi mai hasken ƙasa da lumen 3,000 (ma'aunin ƙarfin haske) yakan dushe a ɗaki mai tagogi. Kebul ɗin VGA hoto kawai yake ɗauka, ba sauti, sai ka tanadi lasifika daban, ko ka yi amfani da HDMI. Rubutu kada ya gaza girman 28, kuma ka je kujerar ƙarshe ka zauna ka karanta da idonka. Kada ka cika shafi da rubutu kana karanta musu, idonsu ya riga bakinka kaiwa ƙarshen layi, daga nan sun daina saurare. Ka sa wa kanka doka: in minti uku suka wuce abu bai tashi ba, kashe ka koma allo. Shi ya sa kowane darasi irin wannan ake shigowa da zanensa a takarda.

Buri biyu sun ishe ka a zango ɗaya, da manhaja ɗaya ko biyu da ka gwada da kanka a cikin ajin, a kan na'urar da za ka yi aiki da ita. Wajen aunawa, ba su tambayoyi biyar kafin darasin, ka maimaita makamantansu bayan mako biyu, ba a ranar ba. In kana koyar da aji biyu masu mataki ɗaya, yi wa ɗaya da PhET, ɗayan da allo, ka kwatanta, a batu na gaba ka musanya su. Turo mana batutuwa ukun da ka ware da shekarun yaran, sai a duba wanne ya cancanci na'ura.