Gem ɗin da na fara lokacin kulle ya ƙi sakina

Tambaya: Likita, ni ɗalibin likitanci ne. Lokacin kullen korona na 2020 aka mayar da darussanmu intanet, aka hana mu shiga asibiti, ranar jarrabawa kuma sai ɗagawa ake yi. Na fara buga gem ɗin PUBG a waya don rage zullumi. An daɗe da buɗe makaranta, amma har ƙarfe uku na dare waya na hannuna. Jiya wajen zagayen duba marasa lafiya aka tambaye ni jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, na yi tsuru-tsuru, alhali na karanta su. Ciwo ne wannan?

Amsa: Ƙanena, wasiƙarka ta taɓa ni, don na san nauyin karatun nan. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da saka jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta, ICD-11. Ba yawan awoyi take aunawa ba. Abu uku take dubawa: mutum ya kasa tsayar da kansa, wasan ya ture sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, yawanci har tsawon wata 12. Ka auna kanka da su tsakani da Allah.

Abin da na hango shi ne tsoro ya kai ka gem ɗin. Kulle ya raba ka da aji da abokan karatu, ya bar ka da tulin littattafai da jarrabawar da ba ta da rana. Gem kuwa cikin rabin awa zai nuna maka ka ci ko an cinye ka. Ƙwaƙwalwar da ta gaji da jira dole ta so wannan. Shi ya sa goge shi kaɗai ba ya wadatarwa, bayan kwana biyu za ka sake sauke shi.

Fara da barci. Cikin barci ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka karanta, kuma rashin barcin ne ya sa abin da ka karanta kan jijiyoyin zuciyar nan ya zube maka. Ƙarfe goma sha ɗaya na yi, ka kai wayar caji nesa da gadonka. Ka samu aboki ɗaya ku riƙa bita ido da ido, kuna yi wa juna tambayoyi da baki.

In wata guda ya wuce ba sauyi, ko kana jin faɗuwar gaba da ƙuncin da ba ya yayewa, ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Ka faɗa masa komai yadda ka faɗa mini, har da ƙarfe ukun.