Stubborn, obstinate, resistant: wai duk taurin kai ne?

Tambaya: Malam barka da ƙoƙari. Ina shirin JAMB ne, to stubborn, obstinate, headstrong, persistent da resistant duk sun cakuɗe min, kowacce na duba sai in ga kamar taurin kai ce. Ya zan bambance su?

Amsa: Yawwa ƙanena, ai ko a Hausa ba ɗaya ba ne, muna da taurin kai, kafiya, kunnen ƙashi, naci da turjiya, kuma ka san ba ka sa wannan a gurbin wancan.

Stubborn ita ce ta yau da kullum, ana faɗa wa yaro, ana faɗa wa jakin da ya toge a tsakiyar hanya, har tabon manja a farar shadda wanda ka jiƙa ka cuɗa sau uku yana nan daram, shi ma stubborn stain suke ce masa. Obstinate kuwa kafiya ce, asalinta Latin ne shi ya sa ta fi yawa a littafi, kuma kusan kullum zargi ce, mutumin da aka baje masa hujja ƙarara ya gani da idonsa amma ya kafe dan kar a ce ya sauko. To in sun kawo stubborn suka ce zaɓi mafi kusa da ma'ana, obstinate za ka ɗauka.

Headstrong mai kunnen ƙashi ne, shi ba togewa yake ba, gaba yake yi, an ce kar ka hau babur ɗin nan da daddare ya ɗau makulli ya fice.

Persistent naci ne kuma sau da yawa yabo ce, kamar wanda ya rubuta jarabawa sau uku bai haƙura ba.

Wadda na fi so ka kula da ita resistant ce, dan a nan ɗalibai ke zubar da maki, wallahi abin na damuna. Ita ba hali ba ce, turjiya ce ga wani ƙarfi da ya taso daga waje, dole akwai abin da ake turje wa, shi ya sa kalmar Turanci "to" ke bin ta. Ƙwayar cutar maleriya da ta daina jin chloroquine an ce ta zama resistant to chloroquine. Faransawan da suka yi gwagwarmaya a ɓoye da mamayar Jamus daga 1940 zuwa 1944 ma Resistance ake kiransu, sunan girmamawa ne, ba wanda zai ce musu obstinate.