Kafin Ku Kira Mai Fenti

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce dillali ya ba ku shawara kada ku ɓata kuɗi, a liƙe tsagar bango da siminti, a watsa fenti, a sa gidan gadon a kasuwa, kai kuma kana tambaya ko gyara kafin sayarwa al'ada ce kawai. Na yi murmushi, amma zancen ya tsaya mini a rai.

Mu da muka tashi a gidan ƙasa ba mu san wani gyaran sayarwa daban ba. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka ana kwaɓa ƙasa da ramno, a hau soro a yi yaɓe, a share indararo, mai hali ya sa makuba. Kakanka yakan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A 1988, daminar da madatsar Bagauda ta ɓalle, gidaje suka yi ta rushewa a Kano, a lokacin ne kakan naka ya tashi sayar da ƙaramin gidansa na bayan masallaci. An riga an yi ciniki. Sai ya ce ba zai karɓi ko kwabo ba sai mai saye ya zo ranar da ake ruwa. Ranar kuwa aka kece kamar da bakin ƙwarya, ya aike ni da lema na kira mutumin. Ya kama hannunsa ɗaki-ɗaki, ya nuna masa inda shigifa ke yoyo, ya ɗauki sanda ya ƙwanƙwasa azara biyu da suka ruɓe, ya kai shi gindin katangar da ruwa ke ci. Ni duk haushi ya cika ni, ina ganin kuɗi na zubewa. Washegari ya kira magina aka sauya azarorin daga aljihunsa, na katangar kuma ya rage wa mutumin kuɗi a gaban mai unguwa. Da na yi ƙorafi, sai ya karanto mini hadisin nan, wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Ku 'yan yanzu abu dai ya yi ƙyalli a hoton waya. Dillali la'adarsa zai karɓa ya wuce, kai ne za ka riƙa haɗuwa da mai sayen a jana'iza da ɗaurin aure.

Ban ma ji ka ambaci gwaggonninka ba, alhali suna da kaso a gadon nan. Maƙwabta fa, an fara taya musu? Ka zo ranar Juma'a bayan masallaci da takardun gidan, mu je in ga tsagar da idona.