Ta ɗauki sunan turarena, kuma ina da takardar CAC

Tambaya: Barista, assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina haɗa turaren wuta da humra a Kano, sunan 'yata na saka wa kayan, kuma na yi rajistar sunan a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Kwanan nan wata kwastoma ta kawo min kwalba daga kasuwar Sabon Gari: launin takardar irin nawa, sunan ma harafi ɗaya aka canja. Har Maraɗi ake kai kayana. In kai matar da ta kwaikwayi kayana kotu ne? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da zan fara faɗa ba zai yi miki daɗi ba: takardar CAC ba ta ba ki mallakar sunan da ke jikin kwalba ba. Kamfanoni, sunan kasuwanci da ƙungiyoyi CAC take yi wa rajista. Tambari da sunan kaya ofishinsu daban, yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, kuma dokar tambarin kasuwanci ta 1965 yake aiki da ita. Mutum nawa suka shigo ofishina riƙe da takardar CAC an yi mata firem, suna ganin sun gama!

Amma ba ki tashi a tutar babu ba. Ko babu rajista, doka ta hana wani ya sayar da kayansa da rigar naki. A 1961 an yi shari'a tsakanin wasu masu sayar da magani biyu a Onica, Niger Chemists da Nigeria Chemists, kotu ta hana na biyun amfani da sunan don zai rikita masu saye. Wahalar ita ce hujja tana wuyanki: ki nuna kin riga ta, an san ki da sunan, kuma mutane na ruɗewa. Don haka tun yau ki tattara rasit ɗin mai buga miki takarda, tsofaffin hotunan da kika saka a Instagram da kwanan watansu, da ita wannan kwalbar. Kwastomar da ta kawo ta ma ki riƙe ta hannu bibbiyu, shaida ce.

Kafin ki yi wa kowa magana, ki sa lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi ya bincika ko matar ta riga ki shigar da sunan. Wannan ne abin da nake tsoro, domin wanda ya fara shigarwa yakan fi ƙarfi. In babu, ki shigar da naki nan take. An kasa kaya da ayyuka aji 45, turare da kayan kwalliya suna aji na 3. In kina da niyyar fara yaji ko kilishi da wannan sunan, kowanne da ajinsa da kuɗinsa. Bayan an karɓa za a buga sunan a mujallar ofishin, a ba da wata 2 ga mai ƙorafi, sannan a ba ki satifiket. Yana aiki shekara 7, sai a riƙa sabuntawa duk shekara 14.

Batun Maraɗi kuwa, rajistar Najeriya ba ta ƙetare Jibiya. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar da ke yi wa wasu ƙasashen Afirka rajistar tambari, mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke rufe ƙasashe 17, har da Kamaru da Chadi. In cinikin can ya kai ya kawo, ki yi wannan rajistar.

Kotu? Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar tambari, amma ni ban so ki fara daga can. Kuɗi da lokacin da za ta ci sun ishe ki sabon jari. Ki fara da wasiƙar lauya, a ba ta wa'adin janye kayan da canja takarda. In ta ƙi, ku je wajen shugabannin kasuwa. Na ga sun kashe irin wannan wutar a zama ɗaya. Abu guda nake roƙon ki: kada ki hau WhatsApp kina kiran ta ɓarauniya da sunanta, don sai ƙarar ta juye kanki ta zama ta ɓata suna.

Sannan ki binciki mai buga miki takardar. Sau biyu na riƙe irin wannan magana, duka biyun daga kwamfutar madaba'a zanen ya fita.