Amsa ga mai neman aikin sa kai na kare daji a Jos

Malam, ka tambaya ko wanda bai karanci ilimin muhalli ba zai iya taimakawa wajen kare daji a Jos, da kuma inda ya kamata ya fara. Zai iya, domin galibin aikin na hannu ne da juriya.

Ina ba ka shawarar ka fara tuntuɓar cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, wadda ke da alaƙa da Jami'ar Jos, take kuma zaune a Dajin Amurum kusa da Laminga. Daga can ake tafiyar da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda ya dogara ga masu sa kai da ke fita da sassafe su rubuta tsuntsayen da suka gani. Akwai kuma gandun namun dajin Jos, wanda aka kafa a 1972, sai dai a can sai ka nemi izinin hukumar wurin.

Game da dashen itatuwa, wanda kowa ke rububinsa a watan Yuni da Yuli, ni a ganina ranar dashe ita ce mafi sauƙi. Wahalar tana zuwa da rani, lokacin da ake buƙatar mai ban ruwa, mai killace dashen daga awaki, da mai share ciyawa a gefen daji tun watan Nuwamba kafin hunturu ya busar da ita gobara ta samu hanya. A nan ake ƙarancin mutane.

Idan filin na al'umma ne, ka fara gaida mai unguwa ka bayyana masa nufinka kafin ka haƙa rami ko ɗaya.